Yadda Za Ka Haɗa wa Ƙaramar Mesa Ɗaki Kafin Ka Kawo Ta Gida

Duk wanda ya ce mini yana son kiwon maciji, tambayar da nake fara yi masa ita ce ina zai sa shi. Yawanci sai a yi shiru, ko a ce ai za a samo wani kwali ko tsohon bokiti kafin nan. Daga nan matsala take farawa. Maciji ba kaza ba ce da za ta fita ta nemi inuwa in rana ta dame ta. Jikinsa ba ya samar wa kansa ɗumi, zafin wurin da yake shi ne zafin jikinsa. In ka rufe shi a akwati, kai ne ranarsa, kai ne inuwarsa, kai ne daminarsa. Saboda haka ɗaki ake fara haɗawa, a gwada shi, sannan a je neman mai ɗakin.

Zan yi bayanin ne a kan maciji ɗaya, wanda na ga ya fi dacewa da mai farawa, wato ƙaramar mesar nan da take dunƙulewa kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya in ta tsorata. Sunanta na kimiyya Python regius. Ba ta da dafi, ba ta da faɗa, kuma tsawonta yakan tsaya tsakanin santimita 90 zuwa 150, mace ta fi namiji girma. 'Yar yankinmu ce, ana samun ta daga Senegal har zuwa Sudan da Uganda, kuma daga Togo da Benin da Ghana ake ɗibar ta zuwa Turai da Amurka, inda ta zama ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwo. A garin Wida na ƙasar Benin har ɗaki na musamman gare ta, ana girmama ta.

Kafin ka taɓa guduma

Abu na farko, ka tabbata abin da za a ba ka ita ce. Kasa da kububuwa da kumurci ba abin kiwon gida ba ne, ko wa ya ce maka ya cire musu haƙori, domin haƙorin yana sake fitowa. Wanda ya taɓa zuwa asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ba sai an yi masa dogon bayani ba. Haka kuma ɗan babbar mesa yana kama da ƙaramar a idon wanda bai sani ba, alhali ita babbar tana iya wuce mita 4 in ta girma, kuma ba ta da haƙurin ƙanwarta. Ka tafi da wanda ya san macizai da gaske.

Na biyu, shekaru. Wannan dabba tana yin shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. A 2020 wata da ke gidan namun daji na Sen Luwis a Amurka ta yi ƙwai tana da shekara kusan 62. In ka ɗauke ta kana saurayi, da ita za ka yi aure, 'ya'yanka su tashi su same ta.

Na uku, doka da mutanen gida. Cinikinta tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, kuma Najeriya ta kafa dokar kare namun daji masu fuskantar ƙarewa a 1985, aka yi mata gyara a 2016. Ka je sashen gandun daji na ma'aikatar muhalli ta jiharka ka ji abin da ake buƙata. Ka nemi wadda aka ƙyanƙyashe a hannu, domin ta daji takan zo da kaska da tsutsar ciki, ta ƙi cin abinci, kuma kowace da aka tono daga rami ragi ce ga dajin. Batun hukuncin addini kuwa na malamai ne, ka tambayi malaminka tun da wuri. Sannan ka gaya wa mai gidan haya da uwargida da iyaye. Tsoron maciji a wurinmu yana da dalili, mutane sun binne 'yan'uwansu saboda shi, kuma ranar da aka gan ta ba zato sanda za a fara ɗauka kafin a tambayi mai ita.

Mataki na ɗaya: ka san ɗakin da kake kwaikwayo

A daji wannan mesa ba a fili take wuni ba. Tana shiga ramin ɓera ko na gafiya, ko cikin tsohon suri, ta kwanta a duhu, sai dare ya yi ta fito. Wanda ya taɓa zura hannu a ramin da ke gindin suri da tsakar rana ya san yadda yake: waje yana ƙuna, ciki da sanyi-sanyi da laima. Da dare kuma in waje ya yi sanyi, ramin yana riƙe da ɗuminsa. Abin da kake ginawa ke nan. Wuri mai duhu, matsattse, mai laima, da ɓangare mai ɗumi da ɓangare mai sanyi, ta riƙa zaɓa da kanta.

Akwai abin da ya kamata mai karatu a Kano ko Maraɗi ko Tamale ya lura da shi. Yawancin bayanan kiwon maciji daga ƙasashen sanyi suke zuwa, duk hankalinsu yana kan yadda za a ɗumama akwati. Mu namu abokan gāba uku ne: zafin bazara, bushewar hunturu, da ɗauke wuta. Wanda ya kwafi tsarin mutumin Ingila bai duba wannan ba, zai iya dafa dabbarsa a watan Afrilu.

Mataki na biyu: girman akwati da abin da za a yi shi

Ƙaramar mesa da ta gama girma tana buƙatar akwati mai tsawon aƙalla santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. Ma'aunin mai sauƙi ne, ta iya miƙewa sosai ba tare da ta lanƙwashe ba. Jaririya kuwa, wadda ba ta wuce santimita 30 zuwa 40 ba, akwatin roba mai tsawon santimita 60 da faɗin 40 ya ishe ta na watanni. Kana iya sa ƙarama a babban akwati tun farko, amma sai ka cika shi da wuraren ɓuya, domin fili fetal shi ke firgita ta.

Akwatin roba mai murfi, irin wanda ake zuba kaya, shi ya fi arha kuma yana riƙe laima. Aibinsa murfin, wanda dole sai an ƙara masa maƙalai. Akwatin gilashi na kifi yana da kyan gani, amma ban cika son sa ba: ko'ina a buɗe yake ga ido, laima tana tserewa ta sama, in rana ta taɓa shi kuma ya zama tanda. In shi ka samu, ka liƙa takarda mai duhu ta waje a ɓangarori uku, ka rufe yawancin saman.

Abin da na fi so shi ne a kai wa kafinta aiki. Ka zana masa a takarda, ka tsaya a kansa. A yi jiki da falanki mai kauri, ƙofa ta gaba da gilashi biyu masu zamewa. Ƙofar gaba ta fi ta sama, saboda a daji abin da ke zuwa daga sama shaho ne, hannun da ya sauko ta sama tsoro yake ba ta. A bar dakali na santimita 10 zuwa 12 a ƙasan ƙofar don kada shimfiɗa ta riƙa zubowa. Kada ka yarda a yi maka da katakon garin nan da ake matsewa, ruwa yana taɓa shi zai kumbura ya ruguje. A shafe cikin da fenti mai hana ruwa shiga, shafi biyu ko uku, a bi kusurwoyi da silikon irin na akwatin kifi, sannan a bar shi a buɗe a iska har sai ka sa kanka ciki ba ka ji wari ba. Wannan yakan ɗauki mako biyu ko fiye. Kada ka yi gaggawa a nan.

Sai kafofin iska. A huda wasu a ƙasa ta ɓangaren sanyi, wasu a sama ta ɓangaren ɗumi, iska ta riƙa ratsawa. A rufe su da ragar ƙarfe a ɗaure da sukurori, kada a bar bakin waya mai kaifi a ciki, domin takan goga hancinta tana neman hanya.

Mataki na uku: toshe hanyar gudu

Wannan matakin na koye shi da wahala. Akwatina na farko, kafinta ya huda rami a baya don wayar lantarki, ya yi shi da ɗan faɗi. Na duba na ce ai ba za ta wuce ta nan ba. Kwana huɗu da kawo ta, na tashi da asuba na tarar akwati wayam. Na kwashe kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya, zuciyata na bugawa, ina tunanin yaran maƙwabta da abin da zai faru in wani ya riga ni ganin ta. Sai bayan la'asar na same ta a bayan firji, ta naɗe a kusa da injin inda yake da ɗumi, ƙura duk ta rufe mata baya. Tun daga ranar, ramin da ɗan yatsana zai shiga ba na barin sa.

Maciji ƙarfi gare shi fiye da yadda ake zato, kuma yana da dare guda cur na gwada kowane lungu. Gilashi mai zamewa yana buƙatar makulli, domin tana iya tura shi da jiki. Ka duba tsakanin gilasan biyu, jaririya tana bi ta nan. Murfin roba a sa masa maƙalai a kowane gefe, dutse ko littafi a kai ba ya hana komai. In akwai yara a gidan, a sa kwaɗo.

Abu ɗaya kuma da ba ya shiga cikin akwati ko da wasa shi ne salatif. Zafi da laima suna ɗaga bakinsa, ya manne a jikinta, garin cirewa fata ta biyo.

Mataki na huɗu: inda za a ajiye shi

Ka zaɓi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, wanda ke da silin, ba wanda kwano ke kallon ka kai tsaye ba. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi kowanne. A nesanta akwatin da taga, kada hasken rana ya faɗa kansa ko na awa ɗaya. A nesanta shi da talabijin da sifika da janareto, domin maciji yana jin girgiza ta ƙasa. A ɗora shi a kan benci mai ƙarfi, ƙasa-ƙasa, tunda zafi sama yake hawa.

Ka kula da tururuwa da kwarkwasa. Dabbar da ke kulle ba ta da wurin gudu in suka shigo. Sa ƙafafun bencin a cikin gwangwanaye masu ruwa yana taimakawa.

Ɗakin da maciji yake ba a fesa masa maganin sauro, ba a kunna na hayaƙi, ba a zuba fiya-fiya. Abin da ke kashe sauro yana taɓa jijiyoyin maciji, kuma kaɗan ya isa. Turaren wuta ma a yi shi a wani ɗakin. In za a yi wa gida feshi, a fitar da ita gaba ɗaya sai warin ya tafi. Ka gaya wa duk mai shiga ɗakin, musamman mai shara.

Mataki na biyar: zafi

Nan ne zuciyar aikin. Ka raba akwatin biyu a ranka. Ɓangaren ɗumi ya kasance digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyas, ɓangaren sanyi 24 zuwa 27. Da dare kada ya sauka ƙasa da 23 ko 24. In ta ci abinci za ta koma wurin ɗumi ta narkar da shi, in ta ji ya ishe ta ta koma ɗaya gefen. In duk akwatin ya haura 35 ba ta da wurin tsira, ranta yana cikin haɗari.

Ka sayi ma'aunin zafi mai nuna lamba guda biyu, ɗaya a kowane gefe, a ajiye bakinsu a ƙasa inda take kwanciya. Akwai masu nuna zafi da laima tare, su suka fi. Kada ka auna da tafin hannu. Jikinka yana kusan digiri 37, abin da ka ji da ɗan ɗumi a hannunka ya riga ya yi mata yawa.

Na'urar ɗumamawa iri biyu ce. Akwai shimfiɗar lantarki siririya da ake sawa a ƙarƙashin akwatin roba ko na gilashi ta waje, ta rufe kashi ɗaya cikin uku na ƙasan. Akwai kuma ƙwan lantarki na tangaran mai ba da zafi ba haske, wanda ake ratayawa a saman akwatin katako, da mariƙi na tangaran, a kewaye shi da keji na waya. Kejin wajibi ne. Maciji yana naɗe jikinsa a abu mai zafi ya ƙone bai janye ba, kuma ƙunar cikin maciji tana ɗaukar watanni kafin ta warke. Duwatsun lantarki da ake sayarwa don a sa a ciki, ka bar su a shago.

Ko wacce ka zaɓa, ba a haɗa ta da bango kai tsaye. Sai ta bi ta na'urar daidaita zafi, wato tamostat, wadda ke yanke wuta in zafi ya kai inda ka saita. Masu ƙyanƙyasar ƙwan kaji da inji sun san ta, a wurin masu sayar da kayansu ma ana samu. In shimfiɗa ce, a sa bakin awon zafi na tamostat ɗin tsakaninta da gindin akwati. In ƙwan tangaran ne, a ɗaure shi a ƙarƙashin ƙwan inda mesa ba za ta ture shi ba. Da yadda wutarmu ke zuwa da ƙarfi wani lokaci, wanda ba shi da kuɗin tamostat bai shirya sayen abin ɗumamawa ba.

Yanzu ga yadda shekara take a arewa. Daga Disamba zuwa Janairu, daren hunturu a Kano yana sauka ƙasa da digiri 15, a Jos ya fi haka sanyi. Lokacin ne na'urar ke aiki sosai, kuma lokacin ne sanyi ke jawo mata ciwon numfashi. In aka ɗauke wuta, ka cika gorar roba da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, ka naɗe ta da tawul ka ajiye a ɓangaren ɗumi, ka lulluɓe akwatin da bargo ka bar kafar iska. Kada ka kawo kaskon gawayi kusa, hayaƙinsa da ba a gani yana kashe mutum ma balle ita. Shimfiɗar lantarki ba ta cin wuta sosai, wat 15 zuwa 20 ne, ƙaramin sola da batir suna riƙe ta har safe.

Daga Maris zuwa Mayu kuwa labari ya juya. Waje yana haura 40, ɗaki yana bin sa. Tamostat zai kashe na'urar da kansa, aikinka ya koma sanyaya. Ka sauke akwatin ƙasa. Ka sa falon tayil a ɓangaren sanyi. Ka jiƙa ƙasan shimfiɗa, ka sa babban kwanon ruwa. Da azahar ka ɗora gorar ƙanƙara naɗe da tsumma a gefen sanyi. Tukunyar ƙasa da aka jiƙa tana sanyaya cikinta kamar yadda randa ke yi wa ruwa, na gwada na ga bambanci a ma'auni. In ka ga mesa tana zagaye ba hutawa da rana tsaka, ko ta shige ruwa ta ƙi fita, duba ma'auni nan take.

Haske ba shi da wuya: awa 12 haske, awa 12 duhu. Hasken ɗaki ko ƙaramin ƙwai marar zafi ya isa. Da dare a kashe.

Mataki na shida: shimfiɗa da laima

Laimar da take so kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari ce, in za ta yi saɓa a ɗaga zuwa 70 ko 80. Da damina wannan yana zuwa da kansa, sai dai ka kula kada wuri ya yi funfuna. Da hunturu kuwa laimar iska tana faɗuwa ƙasa da kashi 20, leɓenka ma yana tsagewa, to haka fatarta take ji.

Watan farko ka shimfiɗa farar takarda ko tsohuwar jarida kawai. A kan fari kake ganin kashinta da kyau, kake ganin ƙananan baƙaƙen ƙwari masu shan jini in ta zo da su. Bayan nan sai ka koma shimfiɗa ta dindindin. Wadda ta fi ita ce ɓawon kwakwa da aka daddatsa, shi kaɗai ko a gauraya da ƙasa mai kyau wadda ba a taɓa zuba mata taki ko maganin ƙwari ba. A shanya ƙasar a rana sosai ko a gasa ta kafin a zuba. Kaurin shimfiɗa ya kai santimita 8 zuwa 10.

Yashi zalla bai dace ba, yana bushewa, yana shiga baki da hanci. Dusar katako ta wurin masu yanka ma a bar ta, ba ka san itacen ba, ba ka san maganin garar da aka shafa masa ba, kuma wasu itatuwa masu ƙamshi man da ke cikinsu yana cutar da numfashinta.

Dabarar riƙe laima ita ce a zuba ruwa a kusurwoyi ya sauka ƙasa, saman ya zauna a bushe. Fesa ruwa a sama yana ɗaga lamba na ɗan lokaci ne kawai, kuma kwanciya a kan jiƙaƙƙen wuri kullum yana ruɓar da fatar cikinta. Ka damƙi shimfiɗar ƙasan a hannu: ta dunƙule amma kada ruwa ya ɗiga.

Mataki na bakwai: kayan ɗaki

Maɓoya biyu, iri ɗaya, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi. Dalilin da ya sa za su zama iri ɗaya shi ne, in ɗaya ta fi ɗaya tsaro, a can za ta zauna ko zafin bai yi mata ba, domin a wurinta ɓuya ta fi komai. Maɓoya ta zama matsattsiya, jikinta yana taɓa bango ta ko'ina, da ƙofa ɗaya. Ba sai ka sayi ta waje ba. Ƙaramar tukunyar ƙasa ko kasko, a kife, a fasa ƙofa a gefe, a goge bakin da dutse har ya yi sumul. Ƙofar ta fi wurin da ya fi kauri a jikinta faɗi, kuma ka riƙa sauyawa tana girma.

Ta uku ita ce maɓoyar laima, wadda da hunturu ba a yi sai da ita: robar abinci mai murfi, a huda ƙofa, a sa jiƙaƙƙen zaren kwakwa ko tawul a ciki. In ka ga launinta ya dushe, idanunta sun yi shuɗi-shuɗi kamar hazo, saɓa ta kusa, nan za ta shige. Saɓa mai kyau tana fita guda ɗaya kamar an cire safa. In ta fito gutsi-gutsi, ko ta maƙale a ido da bakin wutsiya, laima ce ta yi kaɗan. Kada ka ja da hannu, musamman ta ido.

Kwanon ruwa ya zama mai nauyi wanda ba za ta kifar ba, mai faɗin da za ta iya shiga. Ana sauya ruwan kullum ko bayan kwana biyu. Sai reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a wanke, a zuba musu tafasasshen ruwa, a shanya, a kafa su yadda ba za su faɗo ba. Tana hawa, musamman namiji da ƙanana. Ragowar filin a cika shi da ganyen roba da ɓawon itace, yadda za ta tashi daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ta ji a fili take ba. Akwati ɗaya, maciji ɗaya. Ba sa kewar juna.

Mataki na takwas: gwaji, sannan shigowa

Ka kunna komai ka bar akwatin ba kowa har mako guda. Ka rubuta zafi da laima sau uku a rana: da asuba, da azahar, da bayan isha'i. Asuba za ta nuna maka mafi sanyi, azahar mafi zafi. Ka ga abin da ke faruwa ranar da babu wuta. Duk gyaran da za a yi, a yi shi yanzu.

A cikin makon nan ne kuma za ka tabbatar da inda abinci zai riƙa fitowa. Ɓeraye take ci, ƙarama duk kwana 5 zuwa 7, babba duk kwana 10 zuwa 14 ko fiye, kuma kaurin ɓeran kada ya wuce wurin da ya fi kauri a jikinta. Ɓeran kiwo ake nema, irin fararen da ake kiwo don ɗakunan bincike. Ɓeran gida ko na rumbu haramiyarta ne: wataƙila ya ci guba, kuma ɓeran nan mai nonuwa da yawa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, kai kanka kana cikin haɗari wurin kama shi. Wanda aka kashe aka daskarar, a narke shi a ɗumama da ruwa, a miƙa da dogon hantsaki, ya fi aminci. Ɓera mai rai in aka bar shi da macijin da ba ya jin yunwa, shi ke cin macijin. Ka kuma nemi likitan dabbobi tun kafin buƙata. Asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri wurare ne da za a fara tambaya.

Ranar da ta zo, a kawo ta a jakar yadi ɗaure, kada a bar ta a mota a rana. Ka buɗe jakar a cikin akwati kusa da maɓoya, ka rufe, ka fita. Mako guda ba taɓawa, ba kiran abokai su zo kallo, sauya ruwa kawai. Bayan nan ka gwada ba ta abinci da dare. In ta ƙi, ka jira mako ka sake. Wannan mesa ta shahara da yajin cin abinci, babba tana iya yin watanni, amma kafin ka ce halinta ne ka koma kan ma'auni da maɓoya, domin galibi a can laifin yake. In ta ci, kada a ɗauke ta sai bayan awa 48, in ba haka ba takan amayar.

Shara kuwa, duk ranar da ka ga kashi da farin dunƙulen da ke fita tare da shi, ka kwashe har da shimfiɗar da ke kewaye. Bayan wata biyu ko uku a sauya duka, a wanke akwati da kayan da ruwan bilic da aka tsarma sosai, a ɗauraye, a bar shi ya bushe sai wari ya tafi. Magungunan goge ƙasa masu sinadarin fenol, waɗanda ke mayar da ruwa fari, guba ne gare ta. Macizai suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai sa mutum ciwon ciki da gudawa, a jikinsu ba tare da sun yi ciwo ba, don haka a wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, kada a wanke kwanonta inda ake wanke-wanken abinci, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu juna biyu su tsaya a kallo ta gilashi.

Alamun da za su sa ka tafi wurin likita ba jira su ne numfashi da baki buɗe ko da ƙara, kumfa ko majina a baki, ja ko ƙuraje a fatar ciki, da ramewar da ƙashin baya ya fito. Mai lafiya kuwa da rana ba ka ganin ta sam. Sai bayan magariba, in ɗaki ya yi shiru, za ka hango kai ya leƙo daga bakin tukunya, harshe yana fita yana komawa, ta zame a hankali ta nufi kwanon ruwa.